Tauraron da Selorm Ya Ɗauke

Accra, Fabrairu

Efo Selorm, yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Holan, ya aikin leƙen sama? Mama tana gaishe ka, ta ce ɗan yayarta da ta goya ya zama Bature, ko waya sai an roƙe shi.

Ga manhajar da ka dame ni a kanta. Ita ce wadda na rubuta wa tasharmu ta binciken taurari, mai tace hayaniyar wayoyi da gidajen rediyo daga abin da babban farantinmu na sauraron taurari yake jiyowa daga sama. Na haɗa maka da fayil ɗin gwaji, ka fara da shi. Kada ka taɓa mata ciki, na san hannunka. Tun muna yara a garin Ho ba ka taɓa kwance rediyo ka mayar da shi daidai ba.

Kwanan nan ko a cikin motar haya ta trotro sai in kama kaina ina murmushi ni kaɗai. Kada ka tambaya. Ka san ƙa'idar aikinmu: abin da tawaga ta gano, ko miji ba a faɗa wa sai an tabbatar, an sanar tare.

Ƙanwarka,
Dzifa

Holan, Maris

Daavi Dzifa, ƙanwata,

Na gode, 'yar gari. Manhajarki gudu take ba tari, har abokan aikina suna tambayar wa ya rubuta. Na ce ƙanwata ce, su yi hankali.

Tambaya ɗaya, don son sani kawai: fayil ɗin gwajin nan, ke kika ƙirƙira shi? Ya yi kyau da yawa.

Ki ce wa Mama yajin shito ya ƙare, ina cin shinkafa gaya kamar maraya.

Yayanki,
Selorm

Accra, Yuli

Efo,

Ina gaishe ka don haka aka koya mana.

Jiya shugabanmu, Farfesa Lamptey, ya kira ni ofis ya juyo mini da kwamfutarsa. Sanarwa ce daga tawagarku: kun gano wani mataccen tauraro mai bugawa kamar zuciya. Na duba inda yake a sama, na duba saurin bugunsa. Namu ne, Selorm. Shi ne abin da nake wa murmushi.

Da na koma kujerata na gane yadda aka yi. Lokacin da nake gyaran manhajar, na gaji da bayanan ƙarya, sai na yanko na gaske daga farantinmu na yi gwaji da su, kamar yadda duk mai rubuta manhaja yake yi. Na manta ban cire ba na tura maka. Da ka tambaya, na zaci yabo ne, na amsa maka da dariya. Ashe a lokacin ka riga ka san abin da ke hannunka. Na'urarku ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, abin da muke ta wahalar tabbatarwa tun bara, ku kuka gama shi kafin damina ta sauka.

Akwai ɗalibai biyu a nan da digirinsu ya rataya a kan tauraron nan. Ɗaya ta daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

An rufe mini shiga na'urori. Kwamiti zai zauna ƙarshen wata, ana zargin da gangan na ba ka don ka nema mini aiki a can. In suka yarda da haka, na tafi, kuma babu tashar da za ta sake ba ni amanar bayananta. Abu ɗaya nake roƙo: ka rubuta wa Farfesa ka ce ban sani ba, kai ka gani ka ɗauka. Gaskiyar ke nan, ba ƙari nake nema ba.

Raina a ɓace yake, ban taɓa jin ciwo irin wannan ba.

Dzifa

Holan, Yuli

Daavi,

Haba, ki kwantar da hankali. Ina fatan kowa lafiya.

Sama ba gonar kowa ba ce. Tauraron nan yana can tun kafin a haifi kakan Farfesanku, kuma da ƙaramin farantinku sai ku yi ta lallaɓawa har wasu su riga mu duka. Gara ya tsaya a gida, ko ba haka ba?

Wasiƙar da kike so ba za ta yiwu ba. Kwantiragina bana zai ƙare, in na rubuta haka na kashe kaina, ga iyali. Amma ban manta da ke ba. Kullum ku masu manhaja a ƙasan shafi ake gode muku, da ƙananan baƙaƙe, kamar masu kawo shayi. Ni na yi faɗa da shugabana har ya yarda, na sa sunanki a saman cikakkiyar maƙalar, cikin marubuta. Na so in ba ki mamaki ne. Jibi za ta fito.

Wata rana za mu yi dariyar wannan.

Yayanki mai ƙaunarki,
Selorm

Accra, Agusta

Malam Selorm,

Ina fatan kana lafiya.

Kwamiti ya zauna. Na yi bayanin fayil ɗin tiryan-tiryan, har na ga fuskokinsu sun fara saki. Sai Farfesa ya ɗora maƙalarka a gabana, ya sa yatsa a kan layi na biyu, ya ce, “Dzifa, in sata aka yi miki, me sunanki yake yi a nan?”

Nan take aka sallame ni. Na miƙa katin shiga, mai gadi ya taya ni ɗaukar kwali zuwa bakin titi.

Ka rubuta wa mujallar su cire sunana. Shi kaɗai ya rage mini, kuma ban ba ka shi ba.

Na bar ka lafiya.

Dzifa Agbodza