Hancin Babanki da Ƙulli Biyu na Ganye

Menghai, ƙarshen damina.

Zuwa ga 'yata Yu Nanxiang,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da aikinki na asibiti a can Harbin. Ranar cikar wata na kai shinkafa da furanni haikali, na roƙa miki lafiya da tsari daga wannan sanyin naku da kike cewa yana daskarar da gashin ido. Mu nan lafiya lau. Yayarki Yu Kanla ta yi nauyi, wata mai zuwa muke sa ran haihuwa. Kakarki har yanzu tana faɗa da kajin maƙwabta, kin ga da sauran ƙarfinta ke nan.

Abin da ya sa na rubuto maimakon in kira a waya, ba na so babanki ya ji. Tun zazzaɓin da ya kwantar da shi a farkon damina, hancinsa ya daina jin ƙamshi. Bai gaya wa kowa ba. Na gane ne ranar da kifi ya ƙone ƙurmus a gefensa yana zaune yana gyaran kwando. Kin san shekara talatin ke nan da hancin nan yake tsima ganyen shayi: a tara, a yayyafa ruwa, a rufe da tamfol, shi kuwa ya shinshina ya ce yau za a juya ko sai jibi. Bana tari biyu aka yi, ɗaya nasa, ɗaya na mijin yayarki, Ai Wenbao. Da aka buɗe, Ai Wenbao ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce da ladabi yana jin tsami-tsami a tarin Baba. Babanki ya ce tun surukin nasa bai iya sa wando ba shi yake juya ganye, wai yau ƙwai ne zai koya wa kaza wayo. Na ce ni ma na ji tsamin. Ya ce ai ni ko ruwan rafi aka ba ni sai na ce ya yi gishiri in dai shi ya ɗebo. Ƙarshe ya ce duk gidan an ɗauki ɓangare, ke kaɗai za ki raba gardamar, tunda kin bar gida da wuri, ba ki san komai a kan shayi ba balle ki yi son kai. Kada ki ji haushi, a bakinsa yabo ne.

To ga ƙulli biyu nan cikin kwalin, ɗaya da jan zare, ɗaya da fari. Kakarki ce ta ɗaura, ita kaɗai ta san na wane ne wane. Ki kwance su ki bar su cikin takardarsu mako guda su sha iska, nesa da inda kike girki, don ganye yana kwasar wari. Ki samo ruwan gora, ban yarda da famfonku ba. Ki ɗauraye ƙaramin kofi mai murfi da ruwan zafi, ki zuba ganye cikin cokali biyu. Ruwa ya tafasa sosai. Zubin farko ki ƙirga biyar ki zubar, na biyu ma haka. Wanka ne kawai, ba na sha ba. A na uku ki ƙirga goma, ki tsiyaye kaf, kada ki bar ko ɗigo ganye ya kwanta a ciki, nan ne masu koyo suke ɓata shi ya koma kamar magani. Kowane zubi ki ƙara biyar a ƙirgen. Ban da sukari, ban da madara, na san halinki.

Kada ki yanke hukunci da wuri. Sabon ganye yakan yi ɗan ƙarni a farko, wannan ba laifi ba ne. Sai a zubi na biyar ko na shida yake faɗin gaskiya. Mai kyau zai yi ja mai duhu amma garau, ƙamshinsa kamar ƙasa bayan ruwan fari, ya bar miki zaƙi a maƙogwaro. Wanda ya ɓaci zai fito a gurɓace, ya yi tsami, ya riƙa kartar wuya. Ki gwada ɗaya yau, ɗaya gobe, ki rubuta abin da harshenki ya ji. Kuma ina roƙonki, kada ki tsaya cankar wanne ne na babanki don ki faranta masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ganyen ya fita kasuwa da sunansa yana tsami, wannan ya fi masa ciwo a kan jin gaskiya daga bakin 'yarsa.

Akwai abin da ya faru jiya bayan mun rufe kwalin. An tara sabon ganye na lokacin kaka, lokacin juyi na farko ya yi. Babanki ya ɗaga tamfol, ya cusa hannu har gwiwa ya ji zafin, ya daɗe a tsugune. Sai ya aika aka kira Ai Wenbao, ya miƙa masa manjagara, ya ce ya matso ya shinshina ya faɗa masa abin da ya ji. Ai Wenbao ya ce da sauran kwana ɗaya. Babanki ya ce hannunsa ma haka ya gaya masa, a mayar da tamfol. Tun da na aure shi ban taɓa jin ya tambayi wani a kan tari ba. Na shige madafa na yi kamar hayaƙi ne ya shiga idona. Duk da haka yana jiran amsarki, yau da safe sau biyu yana tambayata ko motar kaya ta tashi.

Ki gaishe da ƙanin babanki Ai Zhangmu in kun yi waya, da abokiyar zamanki Qiao Lian. Kakarki, yayarki da mijinta duk suna gaishe ki. Ki riƙa rufe kunnuwanki in za ki fita.

Ni ce mahaifiyarki,
Yu Hanmo