Dambun da Inno Ta Yi wa Dogo

Sparkhill, Birmingham
Mayu, 2013

Yaya Sunusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Kubura da yara. Ya zaman gida? Allah Ya kawo aikin da ya fi wanda hukumar gari ta raba ka da shi.

Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. Inno ce. Kunnen nan da take ce wa likita ba ya ji, da zarar wayata ta yi ƙara sai ya warke sarai. Shi ya sa na rubuto, kai ma ka aiko da amsa ta kantin maganin da nake aiki.

Dogonku zai zo. Denny Holroyd dai, mawaƙin da ka cika mana kunne da faifansa tun muna Kano. Muna dawowa daga asibiti Inno ta ja ta tsaya a tashar bas ta Stratford Road, gaban hoton wani tsoho mai furfura har kafaɗa, rungume da jita. Ni ban gane shi ba. Ita kuwa ta ce, "Wannan ai Dogo ne. Ya rame." Tallan ya ce ya dawo waƙa bayan dogon hutu, zai fara da Manchester, sannan ya zo nan wani biki da za a yi da rana a filin shaƙatawa.

Ni ina goye lokacin da ya zauna a gidanmu, duk abin da na sani labari ne: motarsa ta mutu a Kano, marigayi Yaya Rabi'u ya tsince shi a otal ɗin da yake kaɗa ganga a Sabon Gari, ya kawo shi Fagge, zazzaɓi ya kayar da shi, Inno ta yi jinyarsa ta kuma raɗa masa Dogo. To yanzu cewa take tun da Yaya ya rasu ba wanda ya sanar da Dogo, kuma nauyin a kanmu yake. Wai mutumin da ya ci tuwonta ya kwana ɗakin ɗanta ɗan gida ne, dole ya ji daga bakinta, ya yi mata gaisuwa, ta sa masa albarka.

Ni dai ban yarda da Baturen da ya tafi bai waiwayo ba. Amma tun da aka rufe cibiyar tsofaffin da take zuwa, Inno ba ta da aiki sai zaman taga, ko magana sai an ja ta. Jiya ita da kanta ta ce in sayo mata cinyar sa, za ta yi masa dambun nama. Tunda a garinku zai fara, ka je ka nemo mana hanyar ganinsa.

Ƙanwarka,
Batulu

*

Manchester
Mayu, 2013

Batulu,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, muna lafiya. Ki gaishe min da Inno da kyau.

Ke da labarinki ya kwana! Ai tun ranar da aka fara sayar da tikiti na sayi nawa, Kubura tana ta harara wai marar aiki da zuwa rawa. Ban kula ta ba. Mutumin nan ya bar waƙa kafin in zo ƙasar nan, ban taɓa ganinsa a kan dandamali ba. Ganina da shi na ƙarshe yana zaune kan tabarmar Inno da zanen Baba a ƙugu, yana koyon cin tuwo da hannu, miya har gwiwar hannu.

Ke ba za ki gane ba. Waƙarsa ta Kano, wadda ta fito da shi duniya, gangar da ke farkonta hannun Yaya Rabi'u ne. A tsakar gidanmu Dogo ya ɗauka da rikodarsa, ina tsaye. In kin kasa kunne har zakaran Inno za ki ji yana cara. Duk inda na zauna a ƙasar nan sai na sa wa maƙwabta ita na ce yayana ne.

Zan sa kaftani da hula, don ya hango ni cikin taro ya san na gida ya zo. Ki ce wa Inno ta daka dambunta. Ki kuma rage zargi, ba kowane Bature ne mai mantuwa ba.

Yayanki,
Sunusi

*

Manchester
Yuni, 2013

Batulu,

Salama da gaisuwa. Ki karanta wannan a wurin aiki, kar ki kai ta gida.

Na je. Da ban je ba.

Wurin wani tsohon sito ne, ƙasa duk danƙon giya, in ka ɗaga ƙafa sai takalmi ya nemi zama. Tsofaffi ne fal, sa'o'ina da waɗanda suka girme ni, kowa ya matse tumbinsa cikin rigar fata ta zamanin samartaka. Warin gumi da hamami ba a magana. Tun kafin a fara wani ya wurgo kofi daga baya ya sauka a kan hulata. Abin da ke ciki da ɗumi yake, ban tsaya binciken ko mene ne ba.

Da ya fito na yi ihu kamar kowa, ba zan ɓoye miki ba. Muryar ta tafi. Wata yarinya ce a bayansa take ɗauke masa duk inda waƙa ta hau sama, shi kuma yana leƙen baitocin a wani allo da aka ajiye gaban ƙafarsa. Duk na yafe. Na ce tsufa ne, kowa zai je.

Sai aka rage fitilu, aka haska hoto a bango, ƙato. Batulu, tsakar gidanmu ne. Ga rijiya, ga bishiyar darbejiya, ga Inno da sauran ƙuruciyarta da taɓarya a hannu, ga Yaya a gefe da gangarsa. Don murna na ɗaga hannu ina kiran Dogo, ba mai jina.

Ya zauna a kujera ya ce zai ba mu labari. Wai a Afirka ya sauka a wata bukka inda mutane ba su da abin kaiwa baki. Wai akwai wani ƙaramin yaro, "little Robbie", Yaya Rabi'u ke nan a bakinsa, da ba shi da komai a duniya sai ganga. Wai yaron ya koya masa kiɗan, sannan zazzaɓi da yunwa suka kama shi, ya mutu a hannunsa. A hannunsa, Batulu. Ya cire tabarau ya share ido, mutane suka kunna fitilun wayoyinsu suna kaɗawa.

Yaya Rabi'u da ya yi aure ya haifi huɗu, ya buɗe shagonsa, sai bayan shekara ashirin da wani abu mota ta yi ajalinsa a hanyar Zariya. Gidan da Inno ke yanka kaza don wannan mutumin ya sha romo. Kuma wa zazzaɓi ya kayar? Ni na riƙe kwano yana amai, Yaya ya tallafe masa kai. Ya ɗauki jinyar da aka yi masa ya juya ta, ya kashe mana yaya tun yana saurayi don a tafa masa. Mutumin da ke kusa da ni yana kuka ya dafa kafaɗata da jiƙaƙƙen hannunsa ya ce, "So sad, mate, your people." Wai tausayin mutanenmu yake ji. Na ture hannun.

Duk da haka na je ƙofar baya, saboda Inno. Mai gadi ya ce ganinsa sai mai tikiti na musamman. Na ce ka gaya masa ƙanin Rabi'u na Fagge ne, ɗan matar da ke cikin hoton. Ya shiga, ya dawo da hotonsa mai sa hannu, ya ce, "He says cheers for the support." Wai yana godiya da goyon baya. A hanyar fita na ga teburin riguna. Hoton Inno ne a ƙirjinsu, ana rububi. Na ga uwata a kan tumbin wani ƙato, miyar burger na ɗiga a fuskarta.

Kada ki kai ta. Ki ce an fasa, ki ce ba shi da lafiya, ki faɗi duk abin da ya zo bakinki. Kin yi gaskiya tun farko, ba sai kin tuna min ba.

Yayanki,
Sunusi

*

Sparkhill
Yuli, 2013

Yaya Sunusi,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, ban san ta inda zan fara ba.

Na kai ta. Ka yi faɗanka in ka gama karantawa. Na shiga ɗakinta da ƙaryar a bakina, na tarar ta sa lalle, ta fito da atamfar da ta ajiye tun bikin autarmu, ga dambu a samira an ɗaure da sabon ƙyalle. Ta kwana biyu tana dakansa da hannun nan nata mai ciwo, ta hana ni sa shi a inji wai Dogo zai gane. Na ce mata an ce ana iya fasawa. Ta ce ai hoton yana nan a tasha, ta sa maƙwabciyarmu Rhoda ta duba mata. Kai da kake Manchester sai ka zo ka faɗa mata.

An yi ruwa da safe, filin ya zama taɓo. Da ƙyar na tura keken guragun da take hawa in za a yi nisa. A ƙofa suka ce ba a shiga da abinci, Inno ta riga ta tura samirar ƙarƙashin mayafi ta haɗe fuska, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa ta. Aka hau da mu wajen masu keken guragu. Ƙasa da mu tsofaffi tsirara rabin jiki suna tsalle cikin laka, wata mata sa'ar Inno tana amai a jikin shinge, mijinta na riƙe mata kofin giyarta. Inno ta dube su ta ce, "Waɗannan ba su da jikoki ne?"

Da Dogo ya fito ta gyara zama. Ta ce tafiyarsa ba ta canja ba. Ƙarar jitar tana girgiza ƙarfen keken, amma ko toshe kunne ba ta yi ba. Da aka haska hoton ta kama hannuna ta ce, "Ga turmina. Ga Rabi'u." Murmushi take yi, Yaya. Rabon da in ga haƙoranta haka na manta.

Sai ya zauna ya fara. Kalma da kalma yadda ka rubuto. Daidai inda ka ce ya cire tabarau, nan ya cire. Na yi niyyar in ce mata yabon gidanmu yake yi. Amma ka san Inno, ta daɗe tana zaman asibiti, Turancin mutuwa ba ya wuce ta. Ta ga ya nuna Yaya da yatsa, ta ji kalmar, ta ga ana share hawaye.

Ta ce, "Batulu, cewa yake Rabi'u ya mutu?"

Na ce e.

Sannan ta ce, "Ashe ya ji."

Ta saki hannuna. Ta ce, "Ya ji, ya san hanyar gidan, bai zo ba, bai aiko ba. Ni na haifa, ni na yi zaman makoki, shi kuma ya tara mashaya yana karɓar gaisuwar ɗana." Ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafi ta rufe samirar ta ce in tura ta mu tafi, tun waƙar ba ta fara ba.

Muka hau bas muka kama hanyar gida. Ta ce dambun a ajiye wa 'ya'yanka. Na lura tun ranar ba ta ƙara cewa Dogo ba, "Baturen nan" take cewa. Na tambaye ta, ta ce sunan ita ta bayar, ta karɓe abinta.

Ba ta koma zaman taga ba, wannan kam alhamdulillahi, fushi ya tashe ta. Amma abu ɗaya ya tsaya min. Ba ta san sauran labarin ba, ba ta san bukkar ba, ba ta san yunwar ba, ba ta san a wace shekara ya kashe shi ba. Tana ganin labarin hatsarin ne ya kai masa. In gyara mata ko in bar ta? Kai ne babba.

Ƙanwarka,
Batulu

*

Manchester
Yuli, 2013

Batulu,

Wa alaikumus salam. Ba faɗan da zan yi miki.

Ki bar ta. A wurinta ya ji mutuwar Yaya ne bai zo ba. Mu muka san bai taɓa tambaya ko yana raye ba. Wannan mu riƙe mata shi.

Faya-fayan na zuba su a kwali na kai shagon kayan sadaka, Kubura har da raka ni. Guda ɗaya na rage, mai waƙar Kano. Ranar Asabar zan zo da yara su ci dambunsu, zan taho da shi. Zan sa mata farkon kawai, inda ganga ce da zakaranta. Ke ki tsaya kusa da na'urar, ki kashe kafin Baturen nan ya buɗe baki.

Ki gaishe ta, ki ce ta sa mana albarka.

Yayanki,
Sunusi