Maɓalli na Uku

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririnmu. Mu ma lafiya, in dai ta jiki ce. Takarda na rubuto ta hannun direba domin waya a wurin Mama take, kuma kin san ɗakinmu, ko tari mutum ya yi sai an ji a tsakar gida. In kin karanta ki yaga.

Kin san labarin Mai Walda, da aka tsinci gawarsa a bayan garejinsa wata Talata da la'asar, wata huɗu ke nan. Kin kuma san an kama Mai Famfo, mai i'inar nan da ke gyara mana bututu, saboda sun yi cacar baki a satin. Jiya aka ci gaba da shari'a. Da yake muna hutu, Mama ta ce in raka ta. Kawu ne ya ɗauko hayar bas ya kwashi 'yan layinmu, har da rabon lemo mai sanyi a hanya, kai ka ce biki za mu.

Yaya, ban taɓa zama a wuri mai tayar da zuciya irin wannan ba. Wata likita mai binciken gawa ta nuna hotunan kan mamacin, inda rodi ya same shi. Ni na sunkuyar da kai, amma mutane har ɗage suke yi don su gani da kyau. Wata mata a bayana tana ɓarar gyaɗa, ko tsayawa ba ta yi ba.

Daga nan likitar ta sa safar hannu, ta zaro riga daga cikin leda, fara mai ratsin toka. A ɗakin Mai Famfo aka same ta. Ta ce an wanke ta, an sa mata sitati, an goge, amma jini ya maƙale a ɗinkin bakin hannu, zafin guga ya dafa shi a ciki. Ta ce gwaji ya nuna jinin Mai Walda ne. Sai ta ɗaga wata 'yar leda mai maɓalli ɗaya, wanda aka ɓamɓare daga tafin hannun gawar. Maɓallan rigar shida ne, biyar irinsa ne sak. Na uku daga sama shi ne bare, shuɗi ne mai huda huɗu. Lauyan gwamnati ya ce, "Ya mai shari'a, wanda ake tuhuma ne ya ɗinka wannan don ya ɓatar da sawu."

Yaya, ni na ɗinka maɓallin nan.

Ran Laraba da safe, washegarin kisan, Baba ya fita kai kaya, ni kaɗai ce a shago. Kawu ya shigo da rigar a naɗe cikin jarida, ya ce, "Auta, haɓo na yi, wanke min yanzu-yanzu." Na jiƙa ta a ruwan sanyi da gishiri kamar yadda Baba ya koya mana. Na dai ce a raina wannan hanci ya yi ɓarna, amma wa ya isa ya yi wa Kawu tambaya? Kin san dokar Baba, riga ba ta barin shagonmu da gurbin maɓalli. Na zazzage gwangwani ban sami irinsa ba, sai na yanke na ƙasan rigar makarantata, wanda ke shigewa cikin siket. Har yaba min ya yi.

Mai Famfo ya ɗaga murya daga inda yake tsaye, ya ce, "Kwa-kwa-kwance aka ba ni!" Kotu ta ɗauki dariya. Sai ga Mai Aski na layinmu ya yi rantsuwa wai da idonsa ya ga Mai Famfo sanye da rigar ran Talatar. Ran Talatar da rigar ke jikin Kawu! Shi kuwa Kawu da aka tambaye shi ko shi ya ba da kwancen, hannu ya dafa a ƙirji ya ce, "Ni? Ko hankici ban taɓa ba shi ba."

A cikin wuyan rigar akwai ƙulli biyu na koren zare, alamar da Baba ke yi wa kayan Kawu. Babu wanda ya juya wuyan. An ce in laifin ya tabbata rataye Mai Famfo za a yi. Ki gaya min yadda zan yi.

Taki ƙanwa mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jariri ya fara haƙori, ni da barci mun yi hannun riga. Takardarki ta iso, na yaga, na kuma ƙona.

Ke Malama Shiru-shiru, ke da ko gaishe da baƙo sai kin laɓe bayan ƙofa, yau ke ce za ki tsaya gaban alƙali? Lauyan nan tambaya biyu zai miki ki fashe da kuka. Ki saurare ni da kunnen basira. Shagon Baba a ginin wa yake? Ɗakin da kuke kwana na wa ne, in ba na Kawu ba? Shi kansa Mai Aski da kike jin haushi, ina shagonsa yake? Ba makaho ba ne, ya san inda rufin asirinsa yake. Wanda ke cikin rijiya ba ya faɗa da mai riƙe da igiya.

Sannan ki tuna Mama. Ita da Kawu, su biyu suka rage a ɗakinsu. Kina so a ce 'yarta ce ta kai ɗan'uwanta ga igiya? Hawan jininta kaɗai ya isa ya gama da ita, ni da nake aiki a asibiti na san abin da nake faɗa.

Kuma wa ya ce miki ba haɓon ba ne? Riga mai ratsin toka ai ta cika kasuwa, shuɗin maɓalli kuwa kowace 'yar makaranta tana da shi. Ki samu wani ki ɗinka a rigarki, ki rufe bakinki, ki fuskanci jarrabawarki. Shari'a aikin manya ce, akwai masu cin albashi a kanta. Allah yana gani, ba sai kin taya Shi ba.

Na ba direba man shafawa da maganin Mama. Ki gaishe su.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma yi wa jariri sannu da haƙori. Saƙo ya iso, mun gode. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba rashin kunya ba ne.

Kin ce ko haɓo ne. Likitar ta ce jinin Mai Walda ne, kuma ƙullin da ke wuyan rigar ba a kasuwa ake sayar da shi ba. Na yi ƙoƙarin bin maganarki har kwana tara. Amma Yaya, hannuna ƙarni yake min. Na wanke da sabulu, na wanke da toka, har fatar ta fara saɓulewa. In na kai loma baki sai in tuna ruwan bahon nan, yadda ya koma ja, yadda na tuttular da shi a kwata ina 'yar waƙata. Ni na wanke masa. Ni na goge, har da karin guga a hannu.

Ran Asabar Kawu ya zo cin abincin rana. Ya zauna a kujerar Baba, yana tsotsar ƙashi, maiƙo na bin gemunsa, yana ba da labarin kotu. Har kwaikwayon Mai Famfo ya yi, "kwa-kwa-kwa, kamar agwagwa," Mama ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce yanzu da garejin ya zama kango zai ja katangarsa ta haɗe filin, tunda mai taurin kan ya tafi. Da ya gama ya miƙo min hannu in zuba masa ruwa, ya ce, "'Yar albarka, wankinki ya fi na ubanki." Ya daɗe yana kallona. Na ajiye buta na shige ɗaki.

Ran Litinin matar Mai Famfo ta shigo shago da goyo. Ba wanki ta kawo ba. Ta ce wa Baba, "Baba Mai Wanki, kowa ya san kayan surukinka a nan ake wanke su. Don Allah ba ka gane rigar ba?" Baba bai ɗago ba. Ya ci gaba da guga har na ji ƙaurin wandon mutane. Shekara talatin yana aikin nan, ranar na fara ganin ya ƙona kaya. Ta tsaya, ta tsaya, ta tafi.

Na bi ta, Yaya. Ta kai ni wurin lauyan mijinta, a wani ofis mai fanka ɗaya a saman kantin magani. I'inar da na yi ta fi ta Mai Famfo. Sai da ya ba ni takarda na rubuta, don bakina ya ƙi. Ya karanta sau biyu. Ya ce in zo kotu ran Alhamis ta sama da rigar makarantar, gurbin a buɗe yadda yake, zai nemi a gwada maɓallin da sauran, a kuma juya wuyan waccan rigar a gaban alƙali. Ya ce maganata ni kaɗai za a iya cewa ta yarinya ce, da ma mai alamar zai zo da kansa. Na ce masa Baba ba zai zo ba.

Da na dawo na buɗe akwatina don in duba rigar. An ɗinke gurbin. Sabon maɓalli ne shuɗi, an zagaye shi da zare har sau ba adadi, irin ɗinkin Mama. Ban gaya mata komai ba, ashe ta sani. Tun a kotu ta gane, tana zaune kusa da ni tana shan lemon Kawu. Da na fito da rigar a hannuna, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Na ga kina yawo kamar marainiya, shi ne na gyara miki."

Na mayar da rigar cikin akwati. Uwa ce. Amma yanzu ko tabarmar da ta taka ba na son takawa, ina kuma jin ƙyamar kaina da nake jin haka. In na cire maɓallin na tsinka zaren uwata. In na bar shi an rataye mutum.

Taki ƙanwa,
Auta

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina neman gafara da zan sa baki a maganar da ta fi ni. Ka ba Auta ta karanta maka, na yarda ta ji.

Baba, na rubuta wa yarinyar nan ta yi shiru, tun ranar ban ƙara duban madubi da daɗi ba. Ka tuna kunnena na hagu da ba ya ji sosai? Aka ce wa mutane faɗuwa na yi daga kan tebur. Kai ka san marin Kawu ne, don na ƙona masa aljihu ina 'yar shekara goma sha biyu. Ka wanke jinin da ya zuba a wuyan rigata da ruwan sanyi da gishiri, ba ka ce uffan ba. Ban taɓa riƙe ka ba, na san ginin nasa ne. Amma mun daɗe muna yi wa mutumin nan wanki.

Na yi magana da maigidana. Akwai ɗaki a bayan gidanmu, da famfo, da wurin ɗaura igiyar shanya. Ba fada ba ce, amma mutanen nan ma suna sa kaya.

Auta, in kin kawo nan: ki yafe wa yayarki, bakina ya riga hankalina. In lauya ya daka miki tsawa, ki kalli takalminsa ki ba shi amsa.

'Yarka,
Babba

*

Zuwa ga Babba,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Auta ce ke rubutu, ni ke faɗa.

Takardarki ta same ni. Ba ni da ta cewa a kan kunnenki, sai dai ki yafe.

Yau Laraba. Na sa reza na cire maɓallin da kaina, don kada a ce ita ta tsinka zaren uwarta. Na miƙa wa uwarku a hannu. Ta karɓa, ta shiga ɗaki, har yanzu ba ta fito ba.

Na wanke rigar, na goge. Ita ce ta farko da za ta bar shagona da gurbi. Na sa ƙwaryar koren zare a aljihu. Gobe tare za mu, da ƙafa, ba ma shiga bas ɗinsa.

Ki share ɗakin.

Wassalam,
Mahaifinki