Yurak Ya Ƙi Tashi

Yaya Eulogia,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Baba? An haƙe dankalin kuwa?

Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya. Lamominmu, ƙananan raƙuman nan marasa tozo, suna ɗaukar wa baƙi masu hawan dutse kaya, kamar yadda kakannin raƙuman suka yi dakon gishiri. Amma rannan Yurak, raƙumin da ke jan ayarin, ya durƙusa ya ƙi tashi. Maigidan da nake wa aiki ya ce mini, "Tino, tsohon nan a yanka shi a yi kilishi kawai ya rage." Na ce hutu yake so. Tun ranar ni nake goya kayansa, shi kuwa ya tashi yana tafiya a gaba ba kaya.

Don Allah ki turo mijinki ya mayar da shi gida kafin in gaza. In Baba ya tambaya, ki ce Yurak na nan gaban ayari. Ba ƙarya ba ce.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Saturnino