Charger Ɗina a Garejin Barking

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Hajiya? Yau Lahadi, ƙafafuna sun sake kumbura.

Council, wato ƙaramar hukumarmu ta nan Barking, ta ce in fitar da tsohuwar motata Charger daga gareji. Na kira ɗan nan nawa Nasiru kan batun sayar da ita, ya ce wai masu tara tsofaffin motocin Amurka Mustang suke rububi, tawa sai ƙarfin inji da shan mai. Ni da na sha barin Mustang a baya da ita! Na roƙe shi ya zagaya da ni a cikinta sau ɗaya kafin a ɗauke ta. Da Turanci ya amsa mini cewa zai zo Asabar.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Jiya na sa babbar riga, na zauna bakin taga har magariba. Bai zo ba.

Yayanka,
Garba