Turmin Zarah a Faifai na Uku

Old Kent Road, Litinin

An sa turmin Zarah a rediyo! Karimatu, turmin yayarki, a rediyon Landan, da rana tsaka!

Af, ban gaishe ki ba. Assalamu alaikum. Ya ƙafar, ya mutanen Croydon? Kin san kunnena ya daina jin waya, shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutun, na makarantar yamma ne, da furfurata na koye shi.

Jikarmu Humaira da abokan kiɗanta, Choji mai ganga da Stephen mai babbar jita, sun gama faifai na uku. Na farko kin tuna shi, wanda suka ɗauka a sito bayan cocin nan, kamar ana dambe a kasuwar maƙera. A na biyu kamfani ya karɓe su ya goge su tas, har ya koma irin kiɗan da ofishin council, ƙaramar hukuma, ke sa wa mutum a waya yana jira. Humaira ta yi kuka, suka bar kamfanin. Wannan kuwa da kansu suka yi shi, a falona. Jita na kururuwa a sama, turmi na amsa mata a ƙasa. Baitukan ban ji su sosai ba, amma turmin a ƙirjina na ji shi.

Ga faifan nan na haɗo miki. Ƙarshen wata za su hau dandali da turmin.

Mijin yayarki,
Nata'ala

Croydon, Alhamis

Zuwa ga Malam Nata'ala,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, takardarka ta iso. Faifan ban saurara ba, ba kuma zan saurara ba.

Ina tuna maka cewa turmin nan na mahaifiyarmu ne. Yaya Zarah, Allah ya jiƙanta, ta sha wahala kafin ta fito da shi daga Zariya. Ba ta kawo shi ba don a kai shi inda ake shan giya ana tsalle. Tuni mata suka fara yi da mu a masallaci. Ranar Asabar zan turo ɗana Muniru da mota ya ɗauko mini shi.

Kai kuma Malam, yaushe kurma ya zama alƙalin kiɗa?

Ka huta lafiya,
Hajiya Karimatu

Old Kent Road, Lahadi

Hajiya ƙanwata, sallama da gaisuwa mai yawa.

Muniru ya zo, ya sha shayi, ya koma hannu rabbana. Kada ki yi masa faɗa, ni na zauna a kan turmin.

Tun da Zarah ta rasu yana lungu an ɗora masa tukunyar fure. Wa ya taɓa tambayarsa? Ke ma da injin markaɗe kike fura, na gani da idona. Humaira ce ta sauke furen, ta share shi, ta shafa masa mai. Yarinyar da in ka yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, ita ce ta ce mini wannan ce muryar kakarta da ta fi tunawa. Wannan yarinyar zan ƙwace wa? Sai dai a ɗauke ni tare da shi.

Maganar giya kuwa, wurin da suka fara kamawa don wasan ya ce dole a buɗe mashaya, Humaira ta soke nan take. Sun koma zauren unguwa, shayi ne kawai da cincin. Mutanen kamfani sun ce turmi ba kayan kiɗa ba ne, ba ta saurare su ba. Matan masallaci ma su yi ta yi, baki nasu ne.

Kurma ya ji, mai kunne ta ƙi ji. Ko tsoro kike, Hajiya?

Naki,
Nata'ala

Croydon, Talata

Malam, bayan gaisuwa.

Na saurara. Wane ne ya daka? Turmin nan wofi aka daka, babu ko ƙwayar hatsi a ciki, daga bugun farko na gane! Kana zaune ka bari? Ba a dakan turmi wofi. Da mahaifiyarmu na nan da mari ya tashi. Haka za su tsaga shi kafin ƙarshen wata.

Kuma wannan ba lugude ba ne, yaron da ya daka kamar mai kafa ƙusa yake. Lugude taɓarya biyu ce, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. A waƙa ta huɗu, inda jitar ta yi shiru, nan ne Yaya Zarah za ta cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Sun bar wurin fili. Na kashe faifan a nan, ban iya ƙarasawa ba.

Ka sayo gero a shagon da ke ƙasan gidanku. Gobe ina zuwa da taɓaryata. Ban ce na yarda ba. In ban gamsu ba, da turmin zan koma.

Karimatu

Old Kent Road, Alhamis

Muniru, uwarka ta cilla taɓarya, saura kaɗan ta fasa mini fitila!

Sallama, ɗana, ya aiki? Ta ce ƙafa na ciwo, amma ta tsaya ita da Humaira suna lugude har gero ya zama gari. Choji ya ajiye sandunansa yana cewa, "Mama, a sake, a sake!" Stephen tsaki ta yi masa, ya gyara bugun jitarsa. Sun ce za su sake ɗaukar waƙa ta huɗu, da sunanta a jikin faifan. Ta ce Allah ya kiyaye, sannan ta tambaya da wane zane za ta hau dandali.

Turmi yana nan. Kada ka zo da mota, ka zo da iyalinka. Ka gaya wa matan masallaci, har masu yi da mu, na ajiye musu kujerun gaba. Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan la'asar, a zauren unguwa. Garin da aka daka fura za a yi da shi. Kowa ya zo ya gani!

Babanka,
Nata'ala