Gurbin Sunan Hamma Nu'uman

Adda Ruƙayyatu,

Gaisuwa mai yawa daga Jamus. Yaya ƙafar Dada, da sauƙi? Yaya yara da mutanen Damilu? Ni lafiya lau, ina cin abinci, kada ki damu. Hankalina ne dai bai cika kwanciya ba.

Kin san manhajar karatun nan ta kyauta da muke fassarawa zuwa Hausa. A gaisuwarta akwai gurbin da take saka sunan mai waya, kuma aikina ne in tabbatar ba a share shi ba. Shekaran jiya ina duba tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, sai ga na marigayi Hamma Nu'uman: "Hayatu, abin nan naku yana ce mini barka da zuwa, amma ba ya kiran sunana." Wata biyu kafin rasuwarsa ya rubuta. Ni na share gurbin garin sauri, kuma ban taɓa ba shi amsa ba.

Cikin minti biyar na gyara, Adda. Amma a ƙa'idarmu ba a rufe ƙorafi sai mai shi ya ce ya gyaru. Kullum na buɗe kwamfuta yana nan, wai ana jiran amsarsa.

Don Allah ki ɗauko wayarsa a akwatin Dada, ki sa mata caji, ki sabunta manhajar. Idan ta kira sunansa, ki amsa a madadinsa. Amma kada ki yi a gaban Dada.

Allah ya jiƙansa.

Ƙaninki,
Hayatu